Lissafin shekara goma: yadda za ka waiwayi baya ka tsara 2020 zuwa 2029

A farkon shekarar 2020 aka rubuta wannan jagora. A fada, a bakin kasuwar Tawa, a saƙonnin WhatsApp, gaisuwar ɗaya ce: Allah ya maimaita mana, Allah ya sa ta fi bara albarka. Wasu na cewa sabon goman bai fara ba sai 2021. Wannan gardama a bar wa malaman lissafi. Mu dai an samu dalilin zama a duba shekara goma a dunƙule, kuma a ƙasar Adar shekara goma ce mudun da ba ya ha'inci. Damina ɗaya in ta yi kyau, malalaci ma sai ya cika rumbu. In ta ɓaci, gwanin noma sai ya awo tiya a kasuwa kamar kowa. Sai an jera damina goma ake gane mai ci gaba, da mai tsaye, da wanda ke zamewa baya sannu a hankali bai sani ba.

Jagorar nan ta magidanci ce da uwargida, da saurayi mai zuwa biɗa, wato ci-rani, da ma'aikaci mai albashi. Wanda ya cika 30 ko 40 da haihuwa, ko aurensa ya kai shekara goma, shi ma zai iya bin ta.

Abin da za ka tanada

Kaye ɗaya, wato littafin rubutu, mai shafi 200, mai bango mai tauri, da bik biyu, da ledar da za ka riƙa nannaɗe shi saboda ruwa da gara. Kada ka dogara ga waya kaɗai. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Amfaninta a nan shi ne ka ɗauki hoton kowane shafi bayan ka gama. Wanda boko bai zauna masa ba ya rubuta da ajami. In wani ne zai rubuta maka, yaron gida ya isa ga lissafin hatsi da dabbobi, amma shafin bashi a nemi babba mai riƙe sirri.

Aikin zama uku ne, kowanne kamar awa biyu, a ranaku daban-daban. Bayan asuba ya fi, kafin gida ya tashi. Masu haɗa ukun a dare ɗaya sukan gaji a tsakiya, sai su tsallake wurin da ke da ɗaci su faɗa kan buri, alhali wurin nan mai ɗaci shi ne maganin.

Zama na farko: tono shekarun

Ba kowace shekara shafi guda, daga 2010 zuwa 2019. Nan take za ka ga tunani yana cakuɗa su: abin da ka rantse bara waccan ya faru, ashe ya shekara shida. Iyayenmu ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke kiranta, shekarar fara, shekarar yunwa kaza. Yi amfani da dabararsu. Rubuta abin da kowa ya sani a saman shafi, naka zai biyo baya da kansa.

A 2010 an yi juyin mulkin 18 ga Fabrairu, kuma shekarar ƙarancin cimaka ce saboda daminar 2009 ba ta yi ba. A 2011 yaƙin Libiya ya koro ƴan ci-rani gida, wasu da rigar jikinsu kaɗai, rikicin Abijan ma ya taɓa ƴan Adar da yawa; a watan Afrilun shekarar aka rantsar da Mahamadou Issoufou, a ƙarshenta kuma matatar mai ta Damagaram ta fara aiki. A 2012 cimaka ta sake yin wuya. A 2016 naira ta faɗi, masu kai dabbobi kasuwannin Najeriya suka ji a jikinsu. A Disamban 2017 aka yi bikin ranar jamhuriya a Tawa, wato Tahoua Sakola. A Yulin 2019 Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka, a Agusta kuma Najeriya ta rufe iyakarta, Ƙonni ta sha fama.

Ƙarƙashin kowace, amsa tambayoyi iri ɗaya: ina nake zaune, da me nake ci, dami nawa na ɗaure, wa aka haifa, wa ya rasu, me na saya, me na sayar. Inda ka kasa tunawa, tambayi uwargida. Mata sun fi riƙe shekaru, domin da goyo suke ƙirgawa: "lokacin ina goyon wance ne aka sayar da saniyar nan." Katin rigakafin yara, takardun makaranta, tsofaffin rasit na aiken kuɗi na Al Izza ko Nita da ke ƙasan akwati, duk shaidu ne.

Auna da tiya, kada ka auna da kuɗi

A nan mutane da yawa ke ruɗin kansu. Wani zai ce a 2010 jika 30 yake samu a wata, yanzu jika 50, saboda haka ya ci gaba. Tambayar ita ce buhu nawa jika 30 ke saye a lokacin, baki nawa kuma ke ci. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, shi ya sa ba ta tsalle irin na naira, amma kuɗin hatsi yana hawa da sauka tsakanin kaka da tsakiyar damina, gidanka kuma ba ya nan yadda yake.

Fara da cin gidanka. Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40. Sa a ƙirga tiyar da ake ɗiba daga rumbu har kwana bakwai, fura da tuwo duka, ka raba bakwai. Gida mai mutum takwas da ke cin tiya 2 a rana yana buƙatar tiya 730 a shekara, wato buhu 18 da ƴan kai. Wannan ya yi daidai da ƙiyasin hukuma na kilo 231 ga kowane mutum a shekara. Sai ka sussuke dami uku na gonarka, ka auna, ka san tiya nawa damin gidanku ke bayarwa, domin damin wani ba naka ba ne. Ɗaurin hannu ya bambanta, cikar zangarniya ma haka. Da waɗannan lambobi biyu za ka iya rubuta wa kowace shekara abu guda mai muhimmanci: wata nawa noman gida ya ciyar da gida. In ka ga 2010 wata tara ne, 2019 wata biyar, alhali ruwa bai yi ƙaranci ba, to ko gona ta gaji, ko an rarraba ta gado, ko baki sun ƙaru. Kowanne da maganinsa daban.

Bayan haka ja layi tsakiyar shafi biyu, hagu 2010, dama yau. Jera gona da garka, uwayen dabbobi (uwaye kaɗai, ƴan ƙanana ba a san makomarsu ba), itatuwan da ke gona, ɗakuna, amalanke, babur, injin ban-ruwa, keken ɗinki, jarin da ke juyawa. Sana'ar hannu da aka koya ita ma dukiya ce, haka izun da aka haddace, haka yaron da ya iya karatu. A rubuta su.

Shafin bashi shi ne wanda ake gudu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba abin kunya ba ne a takarda. Rubuta na kanka da wanda kake bi, da sunan mai shi, da ranar alkawari, da shaida in akwai. Bashin hatsi da aka ci da damina za a biya da kaka, a rubuta shi da tiyar da za a biya, a nan ne za ka ga tsadarsa ta gaskiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Mai zuwa biɗa yana da ƙarin shafi. Kowace tafiya, ko Abijan ce, ko Legas, ko Aljeriya, ko wurin zinariya: kuɗin mota da na hanya, wata nawa aka yi, nawa aka aiko, nawa aka shigo da shi, sannan tambaya mai nauyi, me kuɗin ya zama. In tafiya bakwai duk a cikin tukunya suka ƙare, ba laifi ba ne, ciyar da iyali ibada ce. Amma ka san cewa biɗar taka cike giɓin rumbu take yi, kuma ranar da ƙarfi ya ƙare giɓin yana nan.

Hisabin kai

An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana. Ga hanya mai sauƙi. Ɗauki duk asara da ɓacin ran da ka rubuta, ka raba su gida biyu. Gida na farko abin da babu hannunka: fari, fara, rasuwa, rufe iyaka, yaƙin ƙasar da kake ci-rani. Waɗannan a yi musu innalillahi a wuce, tuhumar kai a kansu ɓata zuciya ne kawai. Gida na biyu abin da hannunka ya jawo: irin da aka cinye kafin shuka, ragon da aka saya da bashi don kada a ce, jarin da aka ba aboki babu shaida, fushin da ya kashe aure, yarinyar da aka cire daga makaranta.

Sai ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ya bayyana sau uku ko fiye. Kuskure ɗaya tuntuɓe ne. Wanda ya dawo sau uku hali ne, kuma in ba a taɓa shi ba zai bi ka cikin sabon goman. Galibi ba ya wuce ɗaya ko biyu.

Ido ba ya ganin kansa, don haka nemi mutum biyu da suka san ka shekara goman nan, waɗanda ba sa cin abinka. Kada ka tambaye su a fada. Je gida, ku gaisa, sannan ka ce, "Yaya, don Allah wata shawara na zo nema. A shekarun nan wane abu ka ga ina yi da ke mayar da ni baya?" Kome ya faɗa, amsarka "na gode, Allah ya bar zumunci." In ka kare kanka sau ɗaya, ya rufe baki ke nan har abada. Miji da mata ma su yi wa juna wannan tambaya, a ranar da babu rigima a gidan.

Kafin ka rufe kaye, cika shafi ɗaya da ni'imomi, da sunayensu: ciwon da aka tashi, haihuwar da aka sauka lafiya, wanda ya ba ka aron sa ranar huɗa, wanda ya sauke ka a baƙon gari. Wanda ke raye cikinsu, a je a gode masa. Wanda ka ɓata wa, a je a nemi gafara. Zumunci a ƙafa yake, saƙon waya ba ya wanke irin wannan.

Zama na biyu: abin da ke tafe ko ka shirya ko ba ka shirya ba

Gaibu sai Allah. Amma akwai abubuwan da lissafi ke nunawa, in an yi tsawon rai.

Jera sunan kowa a gidan, da shekarunsa yau, da shekarunsa a ƙarshen 2029. Shafin nan yakan sa mutum ya yi shiru. Ƴar shekara takwas za ta zama ƴar 18. Mahaifi mai 65 zai kai 75, noma ya fi ƙarfinsa, magani ya ƙaru. Kai mai 35 za ka kai 45, buhun da kake ɗauka a tasha yau ba za ka ɗauke shi haka ba. Yaron da ya shiga CI, ajin farko na firamare, a Oktoban 2019, in bai maimaita aji ba, a 2029 zai zauna jarrabawar BEPC: shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji, goma cif. Ga ƴan ƙauye wurin da karatu ke yankewa sananne ne, shi ne ranar da yaro ya gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, aka tura shi kwalejin wani gari babu mai masauki, ko akwai masaukin babu abinci. Duba shekarar da kowane yaro zai kai nan, ka fara gyara zumunci da gidan da zai sauka tun da saura shekara biyu, ka kuma sa hatsinsa cikin lissafi.

Sai kalandar Musulunci, wadda mutane ke mantawa da ita wajen tsari. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 zuwa 11, a shekara goma fiye da wata uku ke nan. A 2010 Layya ta zo tsakiyar Nuwamba, ana cikin kaka, rumbu cike, kuɗi a hannu. Ta 2020 ƙarshen Yuli ce, tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fi tsada kuma ake neman kuɗin noma. A 2029 cikin Afrilu za ta faɗo. Azumin 2020 kuwa ƙarshen Afrilu ne kamawarsa, cikin zafin bazara, zuwa 2029 ya koma Janairu, cikin ɗari. Ga mai turke rago wannan magana ce ta riba da faɗuwa. Turken wata uku zuwa huɗu na shekarun nan na farko zai faɗa Afrilu zuwa Yuli, daidai lokacin da harawa da dusa suka fi wuya, don haka wanda bai tara harawarsa tun kaka ba, abincin rago zai cinye ribar rago. Can ƙarshen goman turken zai matso kusa da kaka, abin ya yi sauƙi.

Na uku, shekarar wuya. Dubi baya: 2005, 2010, 2012. Wanda ya tsara shekara goma duk masu albarka ya tsara mafarki. Sa a ranka biyu ko uku za su zo da gardama, ba ka dai san waɗanne ba. Shawarar Annabi Yusuf ga mutanen Masar ita ce abin da suka girbe su bar shi cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, kuma haka rumbunmu yake aiki, hatsin da ba a sussuka ba ya fi daɗewa. Burin farko na kowane gida mai noma shi ne ajiyar wata uku wadda ba a taɓawa sai rumbun ci ya ƙare. Ga gidan tiya 2 a rana, tiya 180 ke nan, buhu 4 da rabi. Ba a shekara ɗaya ake tara ta ba. Buhu ɗaya duk kaka mai kyau, ana cin tsohon ana mayar da sabo. Ma'aikaci a birni ya yi nasa da sayen hatsi a Oktoba da Nuwamba maimakon Yuli. Kuma tun yanzu, ido na ganin ido, a rubuta jerin abin da za a sayar in wuya ta kai wuya: kaji da ƴan bunsuru da farko, uwayen dabbobi can ƙarshe, gona kuwa a yi duk abin da za a yi kada ta shiga jerin. Wanda bai yanke wannan shawara cikin natsuwa ba, yunwa ce za ta yanke masa, ita kuwa abin da ya fi saurin samun mai saye take fara ɗauka.

Zama na uku: zaɓi uku

Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Zaɓi buri uku kacal: ɗaya na abin da zai ciyar da gida, ɗaya na mutanen gida, ɗaya tsakaninka da Ubangijinka. Kowanne a rubuta shi yadda baƙo zai iya zuwa ya duba ya ce an yi ko ba a yi ba. "In samu rufin asiri" addu'a ce. "Faƙon da ke gabas da gona ya koma gona kafin 2024, in Allah ya so" buri ne. Sai ka sassara shi: na shekara, na wata, na wannan mako. Burin da ba shi da aikin wannan mako bai fara ba tukuna.

Dalilin kyakkyawan fata a ƙasar nan yana ƙarƙashin ƙafarmu. A kwarin Magiya tun 1975 aka fara jera dogon yaro don tare iska. A Keita aikin farfaɗo da ƙasa ya fara a 1984. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gyara rami, suka dawo suka inganta tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa, har faƙon da da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin saye da sayarwa a wajen Badagishiri. Duk aikin hannu ne da haƙuri, kuma duk a cikin shekaru goma-goma suka nuna.

Mai burin faƙo ga yadda zai raba. Ramin tassa faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kamar taki ɗaya, hekta guda ta ci wajen rami 10,000. Kada ka ce za ka gama a rani ɗaya. Kwata ɗaya duk shekara, rami 2,500. In kana haƙa 50 a rana, kwana 50 ne, shekara huɗu ka gama hekta. Ƙasar da ka fitar a tara ta ta gefen gangare, kamar rabin wata, don ta tare ruwa. Masu zuba ta ta sama su ne ke toshe wa raminsu ruwa. A saɓa layuka, ramin layi na biyu ya faɗa tsakanin biyu na farko. Kowane rami taki cikin tafi biyu, ruɓaɓɓe, a zuba tun kafin ruwa, gara ta bi shi ta huda ƙasa ruwa ya samu hanya. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. A jigawa tassa ba ta da amfani, yashi ne zai cike ta. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne taki, don haka yawan raminka ya bi yawan takinka. Kututturen gawo, kalgo da sabara da ke tohowa a gona kuma a daina tumɓuke su wajen sassabe: a bar rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a datse saura. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƴaƴansa kuma abincin dabba ne da rani.

Mai burin dabba, musamman uwargida, akuya ce mafari. Cikinta wata biyar ne, jar akuyar Maraɗi kuma ta saba haifar tagwaye. Sai dai lissafin takarda, wanda akuya biyu ke zama garke, yana manta abinci da cuta. Ƙa'ida biyu ke riƙe kiwo: kada yawan dabba ya wuce harawar da kika iya tarawa, kuma kada a tsallake allurar rigakafin shekara. Maza ake sayarwa, mata a bari.

Mai burin kuɗi kada ya raina ƙanƙanta. Dala 20, wato sefa 100, a rana jika 36 da rabi ce a shekara, jika 365 a shekara goma. Jika ɗaya duk mako jika 520 ce. Matsalar ba tarawa ba ce, inda za a ajiye ne, domin kuɗin da ke ɗaki duk mai kuka yana da rabo a ciki. Adashe yana da kyau ga abin da ke da rana, kamar kuɗin taki ko kayan ɗaki, amma a nemi kwasar ta faɗo lokacin buƙatar, in ba haka ba biki ne zai cinye. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro daga jihar Maraɗi a 1991, sun daɗe saboda akwatinsu a gaban kowa ake buɗe shi. In asusun ajiya za ka kai, tabbatar yana da izinin hukuma, ka riƙe littafinka, kuma kada ka zuba duka wuri ɗaya. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata, riƙe aljihunka. Mai albasar Galmi da ke son ajiya a rudu, wato rumbun albasa, har kuɗi ya tashi ya tuna tun a garka ake shirya ta: a rage takin zamani, a yanke ban-ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bar ta ta sha iska. Albasar da ta ƙoshi da ruwa ruɓewa take yi kafin kasuwa ta gyaru.

Akwai aiki ɗaya da bai kamata ya jira shekara goma ba, a gama shi cikin bana: takardu. Kowane yaro ya samu takardar haihuwa. Wanda wa'adinsa ya wuce sai an bi ta wurin alƙali, kuma gara yanzu da ranar da za a rubuta sunayen masu jarrabawa. Kowace gona ta samu takarda daga kwamitin filaye, COFO, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa, akwai shi tun daga matakin gari har ƙaramar hukuma. Gado, saye, kyauta, aro, jingina, kowanne da irin takardarsa. A yi tun dattawan da suka san iyaka suna raye. Rigimar gona da yawa aro ne na amana tsakanin iyaye, ƴaƴa suka tashi kowa da labarinsa.

Burin mutanen gida ya haɗa da jikinka. Wanda ya haura 40 ya je a auna masa jini da suga ko da sau ɗaya a shekara, domin hawan jini ba ya sallama. Yara ƴan ƙasa da shekara biyar kada su tsallake maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata da damina.

Na ibada kuwa, hadisi ya tabbatar cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Izu 60 a shekara goma izu shida ne duk shekara, izu ɗaya duk wata biyu. A nemi malami tsayayye da lokaci tsayayye. Zakkar noma a fitar da ita ranar ɗaurin dami in ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ga na damina, ɗaya cikin 20 ga na ban-ruwa.

Ranar dubawa

Kaye da aka rufe aka jefa ƙasan akwati ya mutu. Sa masa rana biyu a shekara waɗanda ba a mantawa: bayan an gama ɗaurin dami, da kuma farkon Muharram. Da kaka a rubuta dami, wata nawa zai kai, uwayen dabbobi, bashi. A Muharram a duba hali da ibada da zumunci. Rabin awa ya isa.

In shekara ta zo da wuya, rage ma'auni, kada ka yanke igiya. Mai rami 2,500 ya haƙa 500, mai jika ɗaya a mako ya koma dala 50, mai izu shida ya riƙe wanda ya haddace. In buri ya shekara biyu bai motsa ba alhali damina ta yi kyau, zauna ka duba ko naka ne, ko na ganin ido ne ka ɗauko; in na ganin ido ne, soke shi ka sa wani. Burin da ka tsara wa yaro kuma, in ya kai shekara 15, a kira shi a ji ta bakinsa.

A shafin ƙarshe rubuta sunan mutum ɗaya da ya san inda kayen yake, da inda takardun gona da na haihuwa suke, wanda zai buɗe shafin bashi ya karanta wa magada in ta Allah ta kasance kafin 2029. Ka gaya masa da bakinka, a gaban uwargida. A ƙasan sunansa ka sa ranar zaman farko na dubawa, kakar bana.